Alƙalan Hayaƙi: Yadda Ake Tantance Tabar Siga Mai Tsada Daga Havana Zuwa New York

Kowace babbar masana'antar tabar siga a Havana, babban birnin Kyuba, tana da wasu ma'aikata da aikinsu ya sha bamban da na kowa.  Da safe suke zama, tun harshe bai gaji ba, a ajiye wa kowannensu kara uku zuwa biyar waɗanda ba a riga an sa musu zoben suna ba, da takardar cikewa, da shayi marar sukari na kurkure baki. Su kunna, su zuƙa, su yi shiru, su rubuta. Mutanen ƙasar na kiran su catadores, wato maɗanɗana. Abu shida suke bai wa maki: yadda iska ke bi ta cikin kara, yadda yake cin wuta, ƙamshinsa, ɗanɗanonsa, ƙarfinsa, da ingancinsa gaba ɗaya. Idan bakinsu ya zo ɗaya cewa wani nau'i ya kauce daga ɗanɗanon da aka san shi da shi, sai magana ta koma wurin mai haɗa ganye domin a gyara.

Tabar siga ita ce zungureriyar tabar nan da aka saba gani a bakin tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill da tsohon shugaban Kyuba Fidel Castro a tsofaffin hotuna. Ta bambanta da sigari ta kowace fuska. Babu takarda a jikinta, babu audugar tacewa, kuma mai tsadar ba a yayyanka ganyenta. Cikakkun ganyaye ake naɗewa da hannu, wani a kan wani. Kara guda kan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin ya ƙare. Akwai na dala goma, akwai wanda kuɗinsa ya kai ɗaruruwan daloli. Inda farashi ya yi irin wannan tazara, dole a samu masu raba gardama, kuma yau tantance siga ta zama sana'a mai dokoki, da mujallu, da gasa, da rigingimu.

Wanda ya zauna da masu wannan sana'a zai lura da abu guda. Duk abin da maɗanɗani zai ji a bakinsa cikin awa ɗaya, an riga an yanke shi shekaru kafin nan a gona, da ɗakin shanya, da teburin naɗi. Gwanintarsa ita ce ya ji aibi ya faɗi daga hannun wa ya fito.

Tun daga gona

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A yammacin Kyuba, cikin lardin Pinar del Río, akwai yankin Vuelta Abajo, kuma a cikinsa akwai garuruwan San Luis da San Juan y Martínez, waɗanda gonakinsu suka fi na ko'ina suna a harkar taba. A San Luis ne Alejandro Robaina ya yi noma har ya rasu a 2010 yana da shekara 91, a gonar da danginsa ke riƙe da ita tun 1845. Ganyensa ya yi sunan da a 1997 aka fitar da wani nau'in siga da sunansa, Vegas Robaina.

Ana dasa taba a can daga wajen Oktoba, a fara tsinka bayan kwana 45 zuwa 50. Ba a girbe ta lokaci guda. Daga ƙasa ake farawa, ganye biyu ko uku a kowane zagaye, ana hawa sama cikin makonni. Dalili shi ne matsayin ganye a jikin kara shi ke yanke aikin da zai yi. Na ƙasa, wanda suke kira volado, ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya, seco, shi ke ɗauke da ƙamshi. Na sama, ligero, ya fi shan rana, don haka ya fi kauri da maiƙo da ƙarfi, kuma a hankali yake ƙonewa. Akwai wasu ƙananan ganyaye biyu da kan fito can ƙololuwa a jikin wasu tsirran kawai, ana ce musu medio tiempo, kuma su aka sa a Cohiba Behike da ta fito a 2010, ɗaya daga cikin mafiya tsada a duniya.

Kowane kara yana da sassa uku. Akwai ganyen ciko da ke tsakiya, da ganyen ɗauri da ke riƙe shi, da ganyen riga da ke lulluɓe komai. Na riga shi ne mafi tsada, domin shi ido ke gani. A Kyuba ana noma shi ƙarƙashin rumfar farin yadi mai shara-shara, don rana kada ta sa ya yi kauri ko jijiyoyinsa su fito.

Bayan tsinka sai a ɗinke ganyen bibbiyu, a rataye a kan sanduna cikin dogayen ɗakunan shanya na katako, ya yi kimanin kwana 50 yana juyewa daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan sai matakin da ya fi kowanne tasiri a baki. A ɗan jiƙa ganyen, a jibge shi tsibi-tsibi, a rufe, a bar shi ya ɗau zafi da kansa, kamar yadda ake rufe dafaffiyar kalwa ta yi kwanaki kafin ta zama daddawa. Ana auna zafin tsakiyar tsibin kullum. Da ya kai iyaka sai a warware, a kakkaɓe, a sake jibgewa, na waje ya koma ciki. A wannan gumi ne ganye ke fitar da amoniya, kaifinsa ya ragu, ɗacinsa ya kwanta. Sannan a ɗaure shi dami-dami a kai rumbu. Na riga ana naɗe shi a cikin ɓawon wata bishiyar dabino ta ƙasar. Ganyen sama kan yi shekara biyu ko fiye a ajiye kafin a taɓa shi.

Shi ya sa idan maɗanɗani ya ji wari mai hawa kai, ko ƙaiƙayi a maƙogwaro, ko ɗaci mai kama harshe tun daga zuƙar farko, ba mai naɗi yake zargi ba. Ya san an yi wa ganyen gaggawa a tsibi ko a rumbu.

Ido da hannu kafin wuta

Hukunci na farawa tun ba a ƙyasta ashana ba. Maɗanɗani zai ɗaga kara ya duba rigarsa: launinta ɗaya ne daga kai zuwa gindi ko da dabbare-dabbare, tana da sheƙin maiƙo ko ta bushe, jijiyoyinta sun kwanta ko sun taso, layin naɗin ya ɓace ko yana buɗewa. Launuka suna da sunaye, daga claro mai haske zuwa colorado mai ja-ja, zuwa maduro da oscuro masu duhu. Sabon shiga kan ɗauka mai duhu ita ce mai ƙarfi, alhali sau da yawa riga mai duhu zaƙi-zaƙi take kawowa. Ƙarfi yana cikin ciko, gwargwadon yawan ganyen sama da aka sa.

Sai ya bi karan da yatsu biyu yana ɗan matsawa a hankali. Abin da yake nema shi ne tauri iri ɗaya, mai ɗan lotsawa ya dawo. Wurin da ya yi laushi rami ne, wuta za ta zurma ta nan. Wurin da ya yi ƙulli kuma toshewa ce, hayaƙi ba zai wuce ba. Waɗannan biyun laifin mai naɗi ne.

Mai naɗi, wanda a can ake kira torcedor, kayan aikinsa kaɗan ne: allon katako, da wata wuƙa mai lanƙwasa marar ƙota da ake kira chaveta, da abin datse gindi, da ɗan ƙaron itace marar ɗanɗano na liƙe kai. Zai tattara ganyen ciko a tafin hannu, ya lanƙwasa kowanne ta yadda iska za ta samu hanya, ya sa ganyen sama a tsakiya tunda shi ne mai jinkirin ƙonewa, ya naɗe da ganyen ɗauri, ya sa a mazubin katako a matse. Bayan haka ne zai ja riga a kai. Ƙwararre kan yi kara 60 zuwa 150 a rana, gwargwadon girma da wahalar siffar, kuma yawancin masu wannan aiki a Kyuba yau mata ne. Tun 1865 ake da al'adar ajiye mai karatu a zauren naɗi, yana karanta musu jarida da littattafai da babbar murya yayin da hannuwansu ke aiki. Idan ganyen sama ya goce daga tsakiya ya koma gefe, sai wanda ya sayi karan a London ko Hong Kong bayan shekara biyu ya ga gefe ɗaya na ci, ɗaya ya tsaya.

Girma ma yana cikin lissafi. Ana auna kaurin kara da kashi 64 na inci. Robusto yana da kauri 50 da tsawon kusan inci biyar. Churchill yana da kauri 47 da tsawon inci bakwai. Lancero siriri ne, kauri 38 da tsawon inci bakwai da rabi. Mai kauri ya fi sanyin hayaƙi kuma yana ɗaukar haɗin ganye da yawa. A siriri kuwa ɗanɗanon riga ya fi fitowa, kuma naɗinsa ya fi wuya domin kuskure kaɗan ke toshe shi. Saboda haka masu tantancewa ke gwada kowane girma da sa'o'insa.

Wuta, toka da harshe

Bayan an datse kan, maɗanɗani kan zuƙa ba tare da wuta ba. Nan zai san ko iska na wucewa da ɗan turjiya, wanda shi ake so, ko ta toshe, ko ta yi sako-sako. Nan kuma zai fara jin ƙamshin ɗanyen ganye. Wajen kunnawa ba a amfani da kyandir ko abin ƙyastu mai fetur, domin warinsu na shiga taba. Da wutar gas ko siririn itacen sida ake gasa gindin a hankali, ana juyawa, har zagayen ya kama daidai.

Zuƙa ma tana da ƙa'ida. Kusan sau ɗaya a minti ya isa. Wanda ya yi garaje zai sa karan ya yi zafi, ɗanɗano ya koma ɗaci, ya ɗora wa taba laifin da nasa ne. Hayaƙin ba a haɗiye shi zuwa huhu. A baki ake juya shi, sannan ƙwararru kan saki kaɗan ta hanci, domin harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri yake rarrabewa, sauran duk aikin hanci ne.

Ana duba layin wuta ko ya tafi a miƙe kuma siriri. Ana duba toka ko ta riƙe kanta ta kai inci ɗaya ko fiye kafin ta faɗi, abin da ke nuna cikakken ganye aka sa ba guntaye ba. Launin toka kuwa ya fi nuna ma'adinan ƙasar da aka noma tabar fiye da ingancinta. Tabar Kyuba da yawa tokarta na da duhu, kuma hakan bai rage mata daraja ba.

An saba raba kara gida uku, farko da tsakiya da ƙarshe, domin ɗanɗano na canzawa yayin da hayaƙi ke ratsa sauran ganyen yana barin maiƙo. Kara mai daraja ana so ya yi tafiya, ya fara da wani abu ya ƙare da wani, ba tare da ya rikice ba. Wanda ya tsaya a ɗanɗano guda daga farko har ƙarshe, ko da mai daɗi ne, ba ya samun maki na sama. Akwai kuma abubuwa uku da sabon shiga ke cakuɗawa, ƙwararre kuma ke rabawa. Ƙarfi shi ne bugun nikotin a jiki, wanda kan sa jiri da gumi. Nauyi shi ne yadda hayaƙi ke cika baki. Ɗanɗano kuma daban. Ana samun kara mai sauƙin bugu amma cike da ɗanɗano, ana kuma samun mai kayar da mutum alhali ba komai a cikinsa.

Daga nan ne ake shiga fagen da gardama take. Takardun maɗanɗana cike suke da kalmomi irin su itacen sida, jimammiyar fata, jiƙaƙƙiyar ƙasa, koko, gasasshen kofi, masoro, kirfa, zuma, soyayyiyar gyaɗa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka zuba a tabar. Ƙoƙari ne na kamanta abin da hanci ya ji da abin da ya sani. Toshewa da karkacewar wuta kowa zai gani ya yarda. Amma ko wannan ƙamshin koko ne ko kofi, mutum biyu masu gaskiya za su iya saɓawa, kuma abin da mutum ya ci da rana ma na iya juya masa hukunci.

Maki ɗari

A 1992 Marvin Shanken, mai mujallar giya ta Wine Spectator, ya kafa mujallar Cigar Aficionado a New York, ya ɗauko tsarin maki 100 ya ɗora wa taba. An raba makin gida huɗu: 15 na kyan gani da naɗi, 25 na yadda take zuƙuwa da cin wuta, 25 na ɗanɗano, 35 na yadda ta gamsar gaba ɗaya. Daga 95 zuwa sama ana ɗaukar kara a matsayin na tarihi, 90 zuwa 94 fitacce, abin da ya gaza 70 kuwa asarar kuɗi.

Ginshiƙin tsarin shi ne ɓoye suna. Wani ma'aikaci ne ke samo tabar, ya cire zoben kamfani, ya maye gurbinsa da farar takarda mai lamba, sannan ya miƙa wa editoci. Dalilin a fili yake. Zoben Cohiba mai ruwan ɗorawa da baƙi yana sa baki ya fara jin daɗi tun kafin hayaƙi ya iso, kuma mutumin da ya san ya kashe dala ɗari ba ya son yarda an cuce shi. Sai an cire zobe ake sanin ko tabar ce ke magana ko sunanta.

Daga 2004 mujallar ta fara fitar da jerin 25 mafiya kyau na shekara, inda ake sake gwada waɗanda suka yi fice zagaye bayan zagaye. Padrón ta Nikaragua ce ta fara lashewa. Cohiba Behike ta Kyuba ta ci a 2010, Alec Bradley Prensado ta Honduras a 2011, Andalusian Bull ta kamfanin La Flor Dominicana a 2016. Wannan ta ƙarshen ta yi wuyar samu a shaguna na tsawon lokaci bayan sanarwar, domin kamfani ba zai iya ƙirƙiro ganye mai shekaru cikin dare ɗaya ba.

Tsarin na da masu suka, kuma suna da hujja. Kashi mafi girma na makin, wato 35, ra'ayi ne zalla. Yawancin makin da ake bugawa sun taru ne tsakanin tamanin da wani abu da casa'in da kaɗan, ta yadda tazarar maki biyu, wadda ba ta wuce bambancin safiya da yamma a bakin mutum ɗaya ba, kan raba kara mai kasuwa da marar kasuwa. Abin hannu ne kuma, kara biyu daga akwati ɗaya ba sa zama daidai. Sannan mujallun da ke ba da maki su ne ke karɓar tallar kamfanonin. Masu kare tsarin na amsa cewa saboda haka ne ma ake ɓoye suna. Masu suka su ce ƙwararren da ya shekara yana wannan aiki kan gane wasu nau'o'in daga siffar kai da launin riga ko babu zobe.

Yadda Kyuba ta yi kishiyoyi

Da a ce Kyuba ce kaɗai a fage, da ba a buƙaci alƙali ba. Siyasa ce ta haifi gasar. A 1960 gwamnatin Castro ta ƙwace masana'antun taba, iyalan da suka mallaki manyan sunaye irin su Partagás, wadda aka kafa a 1845, da Montecristo ta 1935, suka fice daga ƙasar. A Fabrairun 1962 shugaba John Kennedy ya rufe kasuwar Amurka ga kayan Kyuba. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labarin cewa sai da shugaban ya sa shi ya samo masa kara 1,200 na H. Upmann kafin ya sa hannu a takardar.

Waɗanda suka yi hijira sun tafi da iri da ilimi. Suka gwada kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominikan, da Danlí a Honduras, da Estelí da Jalapa a Nikaragua, inda baƙar ƙasar tsaunuka masu aman wuta ke ba da ganye mai yaji da ƙarfi. José Orlando Padrón ya buɗe ƙaramin shagonsa a Miami a 1964. Iyalin Fuente, da suka fara a Florida a 1912, sun ƙaryata masu cewa ƙasar Dominikan ba za ta iya fitar da ganyen riga ba, da suka fito da OpusX a 1995. Yau Amurka na shigo da fiye da kara miliyan 400 na naɗin hannu a shekara, kuma Nikaragua ce ke kan gaba wajen aika mata.

Ita ma Kyuba ta sha bugu a kan inganci. A 1989 Zino Davidoff, shahararren ɗan kasuwar taba na Geneva, ya ƙone fiye da kara 100,000 da aka naɗa masa a Havana yana cewa ba su kai a sayar ba, daga bisani ya mayar da aikinsa Dominikan. A ƙarshen shekarun 1990, da kasuwa ta buɗe, masana'antun Kyuba suka ninka aiki da sababbin hannu da ganyen da bai gama kwanciya ba, masu saye suka yi ta kukan toshewa. Martanin shi ne shigo da injin auna iska a farkon shekarun 2000, wanda ke gwada kowane kara kafin a sa masa riga. Aibin da za a iya aunawa inji ya rage shi ƙwarai. Ɗanɗano kuwa ya ci gaba da zama a hannun maɗanɗana.

Afirka ma tana da kujera a wannan zaure. Lokacin da ganyen rigar Kyuba ya haramta a Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka cike gurbin shi ne na gabashin Kamaru da yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Irinsa daga Sumatra ya samo asali, kuma ƙananan manoma ne ke noma shi a fili, gajimare na yi masa aikin rumfa. Siriri ne, mai saurin yagewa, da ɗan gurje-gurje a fuska, kuma an san shi da zaƙi mai haɗe da ɗan yaji. Kamfanin tabar gwamnatin Faransa, SEITA, ya daɗe yana riƙe da cinikinsa. Da ya janye a farkon shekarun 1990, noman ya kusa mutuwa, sai iyalin Meerapfel na Beljiyam suka farfaɗo da shi. Har yau Don Carlos da Hemingway na kamfanin Arturo Fuente rigar Kamaru suke sanye da ita.

Ajiya da jabu

Kara mai maki 95 na iya lalacewa a hannun mai shi. Ganyen taba na shan danshi yana kuma saki, shi ya sa ake ajiye siga a akwati na musamman mai rufin itacen sida, a danshin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyin digiri 16 zuwa 18. Idan ta bushe, riga ta tsage, hayaƙi ya yi zafi da kaifi. Idan danshi ya yi yawa, ta kumbura ta ƙi zuƙuwa, ko ta yi fumfuna. Idan zafi ya hau kuma, ƙwan wani ɗan ƙwaro da ke ɓoye a ganye ya ƙyanƙyashe, ya huda akwati guda cikin 'yan makonni. Saboda shi ne manyan kamfanoni ke daskarar da tabar kafin fitarwa.

Sai matsalar jabu, wadda ta fi addabar Cohiba. An ƙirƙiri wannan nau'i a 1966 domin Castro da baƙinsa, ba a fara sayar wa jama'a ba sai 1982, kuma tun daga nan ya zama abin kwaikwayo. A titunan Havana da bakin teku a ƙasashen yankin ana tallata wa 'yan yawon buɗe ido akwatuna da araha, da labarin cewa wani ɗan uwa ne ke aiki a masana'anta. In an tsaga irin waɗannan karare, sau da yawa guntayen ganye da shara ake tararwa. Akwatin gaskiya yana ɗauke da koren hatimin gwamnati wanda dokarsa ta samo asali tun 1912, kuma daga 2009 an ƙara masa tambari mai walƙiya da lambar da za a iya bincikawa. Amma masu jabu na kwaikwayon takarda cikin sauƙi. Abin da ke ba su wuya shi ne launi iri ɗaya a jere, wanda a masana'anta akwai mai aikin rarrabe shi zuwa fiye da kala 60, da kai mai naɗi uku, da ɗanɗanon ganyen da ya shekara a rumbu.

Abin da takardar maki ba ta ɗauka

Kasuwar na ƙara tsada. A 2022 kamfanin Habanos, mai sayar da tabar Kyuba a duniya tun 1994, ya daidaita farashin nau'o'in Cohiba da Trinidad a ko'ina da na Hong Kong, wasu nau'o'in suka ninka har sau biyu ko uku. A Satumban shekarar guguwar Ian ta ratsa Pinar del Río ta rushe dubban ɗakunan shanya, ganye ya ƙara wuya. Duk da haka kamfanin ya sanar da cinikin dala miliyan 721 a 2023, kuma China ce babbar kasuwarsa. A bikin Habano da aka fara a Havana a 1999, ana gwanjon akwatunan alfarma a kan miliyoyin yuro, kuɗin kuma a ba sashen lafiyar ƙasar.

Asibiti kuwa yana da nasa lissafin a kan wannan ganye. Masu sha kan ce tunda ba sa haɗiye hayaƙi, sun tsira. Cibiyar binciken cutar kansa ta Amurka ta fitar da babban rahoto a 1998 da ya rushe wannan zato. Hayaƙin siga yana sakin nikotin ta fatar baki kai tsaye, don haka kamu na yiwuwa ko ba a kai shi huhu ba. Babban kara guda na iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari. Gumin da ke gyara ɗanɗano kuma shi ne ke haifar da wasu sinadarai masu jawo cutar kansa. Sakamakon shi ne kansar leɓe, da harshe, da maƙogwaro, da maƙoshi, ban da ciwon zuciya da huhu ga masu yawan sha, ban da na kusa da ke shaƙa. Daga cikin mashayan siga, Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, kansar maƙogwaro ce ta kashe shi a 1885. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya kamu da ta muƙamuƙi a 1923, aka yi masa tiyata fiye da sau 30 kafin ya mutu a 1939. Castro kansa ya daina sha a 1985. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa taba, a duk sigoginta, tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara.

Saboda haka ya kamata a san iyakar shaidar alƙalan nan. Idan suka ba kara maki 95, suna tabbatar da cewa manomi ya tsinki ganye a kan kari, mai tsibi bai yi gaggawa ba, mai haɗi ya san ma'auni, mai naɗi ya bar wa iska hanya. Rabin wannan shaidar ana iya gwada ta da ido da inji, rabi kuma amana ce da aka ba harshen wasu mutane kaɗan. Game da abin da hayaƙin zai yi wa bakin mai sha bayan shekara ashirin, kara mai maki 95 da mai maki 70 hukuncinsu ɗaya ne a wurin likita.